Akwatin Tambaya: Garun Birni na narkewa, wa zai yaɓe shi?

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da war haka. Wannan karon saƙonnin da suka taru mini kusan duk magana ɗaya suke, garun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram (Zinder) ta Nijar, ko ganuwa in ji ƴan'uwanmu na Kano. Tun da na ɗan taɓo zancen a fitowar da ta wuce nace guntayen da suka rage suna narkewa muna kallo, salulata ba ta huta ba, wasu da zafi wasu da zolaya, har wani yace in bar maganar ƙasa in yi maganar tuwo da ruwa. Shi ma na ɗauko tasa. Na gajarta wasu saboda wuri, a yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam ni fa a Damagaram aka haife ni, shekarata 24, amma wallahi ban taɓa ganin wannan garun da kuke ta faɗa ba sai wani tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Da gaske an taɓa yinsa ko dai labarin tsofaffi ne?
Daga wani matashi, Sabon Gari

AMSA: Ɗana, wannan tudun da awaki ke hawa ai shi ne. Abin da idonka ya gani ka faɗa, ban ga laifinka ba. Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda mulkinsa ya kai har 1884, shi ya kewaye Birni da garu cikin shekarun 1850, lokacin Damagaram na tashen ƙarfi, ayarin raƙuma na sauka a Zango daga arewa su huta su wuce Kano, ana ƙera igwa a cikin garin nan da hannun maƙeran garin nan. Tsayinsa ya kai wajen mita 10, ka ƙiyasta bene hawa uku, gindin kuma kauri gare shi na ban mamaki, yana sirancewa in ya yi sama. Wani Bafaranshe mai suna Foureau da ya iso nan ƙarshen 1899 ya rubuta cewa ya tarar da babban gari kewaye da dogon garun ƙasa mai ƙofa 7. Kaga ba hirar bakin murhu ba ce, har baƙo ya gani ya rubuta.

Yanzu tambayi kanka, ba siminti ba kamiyo ba injin haƙa, yaya abu ya tsaya shekara da shekaru ruwa na dukansa? Al'adar biranen Hausa ita ce ana haƙar ƙasar a nan kusa, ramin ya zama gwalalo ko kududdufi, kuma da zarar damina ta ɗauke sai a raba garu kashi-kashi, kowane hakimi da mutanensa ga nasu yanki, a fito gayya a toshe inda ya tsage a mayar da yaɓen da ruwa ya wanke. Kowace shekara fa, ba sai ya faɗi ba.

A watan Yulin 1899 aka yi karon Tirmini, Faransawa suka rinjayi Sarki Amadu Kuran Daga suka shigo gari. Daga nan garu ya rasa aikin yi, wa zai tare kuma? Gayya ta mutu, aka fasa wasu sassan, gari ya buɗe ya zama babban birnin mulkin mallaka daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai, mai son ƙasar gini ya zo da jakinsa ya ɗiba, mai son fili ya jingina ɗakinsa. Sauran kuma damina sama da 120 ta ƙarasa. Igwa ba ta yi masa rabin abin da rashin yaɓe ya yi masa ba.

TAMBAYA: Malam kullum gyara gyara, ba a gajiya? Me zai hana a tara kuɗi sau ɗaya a shafe abin da ya rage da siminti mai kyau a yi fenti kowa ya huta? Ni a shirye nake in ba da buhu 10.
Daga wani Alhaji, Kasuwar Dole

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, amma don girman Allah riƙe buhunanka tukuna, bari in ba ka labarin wautar da na tafka da hannuna.

Zauren gidanmu na ƙasa ne, kakanmu ya gina, kuma tun ina yaro duk shekara sai an yi yaɓe, mu yara mu ke tattaka kwaɓi har ƙafa ta yi ja. Da na fara samun ɗan albashi nace wannan wahala ta ƙare, na ɗauko wani magini na zamani, ba zan faɗi sunansa ba don ni na matsa masa, muka shafe bangon waje da siminti tas har ƙasa, aka buga ƙusoshi da waya don ya kama. Ya yi kyau kam, maƙwabta na ta sam barka. Mahaifina Allah ya jiƙansa bai ce komai ba sai ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa yace "to, ka sa masa rigar leda." Damina ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ta uku na lura in na ƙwanƙwasa sai in ji yana amsawa kamar ganga, alamar simintin ya rabu da ƙasar ke nan, akwai kogo a tsakani. Ta huɗu cikin watan Agusta da asuba muka ji rugum, fallen siminti kamar ƙofa ya ɓallo ya faɗo titi, abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne, kunu ne, kana sa hannu yana nutsewa. Allah ya taƙaita ba kowa a wurin. Abin da na kashe wajen tayar da bangon ya ninka kuɗin yaɓen shekara goma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa numfashi yake, yana shan danshi daga gindi da damina ya fitar da shi ta jikinsa in rana ta fito. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita. Kuma su biyun ba tafiyarsu ɗaya ba, zafin watan Afrilu ya buɗa su sanyin hunturu ya tsuke su kowa da nasa gwargwado, dole simintin ya yi ƴan tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bango daga ciki kai kuma kana waje kana ganin fenti kana murna. Yaɓen ƙasa in ya lalace a fili yake lalacewa, kowa na gani a gyara. Na siminti munafuki ne, sai ranar da ya kayar da kai zaka sani.

Kuma kar a ɗauka kakanninmu ba su da nasu maganin ruwa. Akwai makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa yaɓe da ruwansa, bango ya yi duhu-duhu ruwa na zamewa a kansa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufin soro da kan katanga da shi, ya yi shekaru. Mu da muke da majema a garin nan ai gashin jima ba zai gagare mu ba, katsin ne ya yi wuya tunda marina sun ja baya. Alhaji in da gaske kake, kuɗin buhu 10 ɗin nan a sayi makuba da ciyawa a biya amalanken jaki ya kawo ƙasa, a sallami magina. In kuma dole sai siminti ya shiga aikin, to wurinsa kaniwo ne, wato magudanar ruwa, can nesa da gindin garu, ya janye ruwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Gidanmu a Birni yake kuma bangon bayan ɗakina jikin tsohon garu ne, haka muka gada. Bara da damina ya tsage daga sama, gindin kuma yana zubar da gari fari-fari kamar kanwa. Ina da yara ƙanana, tun da masallaci ya faɗi ba na barci in hadari ya taso. Mai gidan ya tafi ci-rani. Me zan yi?
Daga wata uwa, Birni

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya tsare ki da yaran. Tsoronki na kan hanya, wanda duk ya ga yadda tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumban 2024 bayan ruwan nan mai yawa, ba zai ƙara raina tsaga ba. Ko a Zariya ma a watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin fada ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka. Don haka maganar farko, in ana ruwa mai ƙarfi ko an kwana ana yi, ki kwashe yaran daga ɗakin nan ku kwana a wani, ko da zaure ne ko gidan maƙwabta, ba abin kunya ba ne.

Sai ki gane ko tsagar tana tafiya ko ta tsaya. Ki samu tsinken tsintsiya ki gwada faɗinta a wuri ɗaya, ki karya shi daidai, ki yi alama da gawayi a wurin, ki adana tsinken. Duk Juma'a ki sake gwadawa. In tsinken ya fara yin lako-lako a ciki, tana buɗewa ke nan, kar ki jira mai gida ya dawo, ki je wurin mai unguwa a kira tsohon magini ya duba a ranar. Tsagar da ta bi tsaye daga sama sau da yawa ruwa ne ya samu hanya ta kan bango, ana toshe ta, a share ta a jiƙa a cusa kwaɓi kaɗan-kaɗan ana bari yana shan iska. Wadda ta kwanta a gicciye kusa da gindi, ko bango ya yi ciki ya turo, ko ya fara sunkuyowa, wannan kam ba ta yaɓe ba ce, sai an tokare.

Farin garin nan kuma gishiri ne. Danshi ke hawowa da shi daga ƙasa, in ruwan ya bushe gishirin ya tsaya ya rududduge ƙasar, shi ya sa zaki ga tsofaffin katangu duk daga gindi suke ƙwaƙulewa kamar an sa cokali, har sama ta rasa abin da zata tsaya a kai. Ki leƙa bayan bangon ki gani, na san abin da zaki tarar, ko juji ko makwararar wanka ko inda samari ke tsugunawa fitsari ko an ɗaure awaki suna goga jiki suna lasa. Bola tana riƙe danshi kamar soso. A kwashe ta, a cike gindin da ƙasa mai tsakuwa a daddaɓe ta yi gangare zuwa waje yadda ruwa ba zai kwanta ba, ki duba indararo kuma, in ya karye yana zuba a jikin bango to shi ne ɓarawon. Kar ki yarda kowa ya ce zai fasa garun ya sa bulo ba tare da an sanar da fada da meri, wato ofishin magajin gari, ba, bangonki ne amma kuma na gari ne.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne an binne layu da Alƙur'anai har da mutane a cikin garun shi ya sa ba ya cin wuta? Kakata ce ta faɗa mini.
Daga wata ɗalibar lakwal, Garin Malam

AMSA: Ƴata, ni ma tawa kakar ta faɗa mini, har da rage murya. Hikaya ce da ake bayarwa a kan Tanimun, kuma irinta na yawo a kan ganuwar garuruwa da dama, duk inda mutane suka ga gini ya fi ƙarfin tunaninsu sai labari ya tsiro masa. Abin da na sani shi ne ƙasa dama ba ta cin wuta, ruwa take tsoro. Amma ki rubuta labarin yadda kakarki ta faɗa, da kalmominta, ki ajiye. Kar dai wani ya ji ya ɗauki diga ya je neman laya, don an sha yin haka a wasu wurare an ƙarasa abin da ya rage.

TAMBAYA: Malam ina karatu a Jami'ar André Salifou. Na ji ana cewa Birni na cikin jerin UNESCO, to me ya sa ba su zo sun gyara ba? Kuma in an ce "tsarin kula" da garu me ake nufi takamaimai, don ni na gaji da jin taro da jawabi.
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗana ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A 2006 Nijar ta sa tsohon garin Zinder, wato unguwar Birni da fadar sarki, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Layin jira ne wannan, ba a kai ga shiga ba. Agadas ita ta shiga a 2013. Ganuwar Kano ma tun 2007 take irin wannan layin. Kuma ko an shiga, UNESCO ba ta da magina, ba ta aiko kowa da cebur, hasali ma kafin ta karɓe ka sai ka nuna mata iyakar wurin a taswira, ka nuna wa ke kula da shi da kuma yadda ake kula da shin. Wato sai ka riga ka fara zata kalle ka. Doka kuwa muna da ita, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa. Takarda ba ta toshe tsaga dai.

Tsarin kula ba wani abu ba ne mai wuyar faɗa, yinsa ne ke son naci. Da fari a san abin da ake da shi. Yau in ka tambayi mutum goma guntayen garu nawa suka rage kuma ina da ina, amsa goma zaka samu. To a zagaya da ƙafa, a bi tsohon layin garun gaba ɗaya har inda ya shige cikin gidajen mutane, kowane guntu a ba shi lamba, a auna tsawonsa da tsayinsa da kaurinsa, a ɗauki hoto, a rubuta gidan wa ke jingine da shi da inda ruwa ke bi. Wannan aikin ku ne ɗalibai, salula da igiyar awo da littafi sun isa, ba sai an jira furoje ba. Hoton kuma a riƙa ɗaukarsa daga wuri ɗaya duk shekara, a tsaya kan dutse ɗaya, mu da Allah ya hore wa duwatsu a Birni, in an jera na shekara biyar ko makaho ya shafa ya san inda ake asara.

Daga nan a ware, wanda zai iya faɗuwa bana, wanda zai iya jiran baɗi, da wanda shara kawai yake so. Kuɗi kaɗan ne, dole a fara da mai mutuwa, ba da wanda ke bakin hanya inda manya ke wucewa ba, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa jarrabawa.

Sai kalanda, wadda ita ce zuciyar abin. Oktoba ruwa ya ɗauke, a zagaya a duba ɓarnar damina. Nuwamba zuwa Disamba a kwaɓa ƙasa tun tafkuna da kududdufai na da ruwa, a zuba ciyawa da kashin dabbobi a tattake a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, don kwaɓin da aka yi yau aka shafa yau ba ya kama bango. A jiƙa bangon kafin a yaɓa, a yi shi falle-falle ba a tula da kauri ba, da safe ko da la'asar, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da shi da gaggawa ya tsattsage. Ƙasar ma a nemo mai kama da ta asali, kar a ƙwaƙulo daga wani guntun a gyara wani. Mayu a yashe kaniwo da magudanai a gyara kan bango, tunda ginin ƙasa hula da takalmi yake so, sama ta zubar da ruwa gindi ya zauna a bushe. Da damina kuma duk ruwan da ya yi ƙarfi, washegari wani ya je ya duba. Wani fa mai suna, wanda in bai je ba za a tambaye shi, ba "jama'a" ba, don aikin jama'a ba mai shi.

Su wa? Fada tana da abin da ba ofishin da ke da shi, in sarki ya ce a fito za a fito, kuma sarkin magina da mutanensa su suka san ƙasa. Meri ke da shara da magudanai da ikon hana a ba da fili a kan layin garu. Ma'aikatar al'adu ke da doka da rajista. Masu unguwa su ke kwana da shi. Abin da ya rage a zauna a rubuta wa ke da wane guntu, kamar dai yadda aka raba a zamanin Tanimun, a kuma sa masa ɗan layi a kasafin kowace shekara ko yaya ƙanƙantarsa. Mun ga Zinder Sabuwa, shirin ƙawata gari don bikin ranar jamhuriya, a 2018, gari ya samu tituna da gine-gine, amma irin wannan kuɗin na biki sau ɗaya yake zuwa ya wuce, garu kuwa kamar akuya yake, ba a ba ta abincin shekara a rana ɗaya.

Dubi Jenne ta ƙasar Mali. Masallacinsu na yanzu ginin 1907 ne, ƙasa zalla, kuma duk shekara gari ke fitowa kwata, maza na ɗaukar kwaɓi mata na kawo ruwa yara na guje-guje, a yaɓe shi kamar ana sallah. Hasumiyar Agadas mai mita 27, itatuwan nan da suka fito a jikinta ba ado kaɗai ba ne, matakalar masu yaɓe ce, tun ranar gini aka yi tunanin ranar gyara.

TAMBAYA: Kai Malam ka ji tsoron Allah. Muna kwana a layin famfo da bido, buhun hatsi ya gagari talaka, kai kana maganar a kwaɓa laka a shafa wa kango? Garu zai ba ni ruwa?
Daga wani magidanci, Kara-Kara

AMSA: Ɗan'uwa ba zai ba ka ba, kuma ban ji haushin maganarka ba don ni ma na san layin nan, na san kukan ƴan garuwa da tsakar dare a watan Afrilu. Garin da ruwansa ke zuwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, mai cewa a buɗe famfo a kwaɓa ƙasa da rani ai bai da tausayi. Shi ya sa nace Nuwamba, da ruwan tafki wanda ba mai sha, wanda in an bar shi ma rana ce zata shanye.

Ba zan yi maka alƙawarin Turawan yawon buɗe ido da kuɗinsu ba, kai ma ka san yadda hanya take a shekarun nan. Ga dai abin da na gani. Rabin aikin garu shara ce da gyaran hanyar ruwa, kuma ruwan da ke cin gindinsa shi ne dai ke shiga ɗakunan mutane ya kayar musu da katanga, ka karanta wasiƙar Hajiyar can ta sama. Sannan yawancinmu talakawa a ginin ƙasa muke kwana kuma a ciki zamu ci gaba da kwana, tsofaffin da suka iya makuba da laso da ɗaurin azara suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaran yanzu bulo kawai suka sani. In aka yi aikin garu duk shekara da tsoho ɗaya da samari biyar a bayansa, an biya su ladansu, bayan shekara kaɗan kana da maginan da zasu gyara maka naka ɗakin da abin da aljihunka zai iya. Kuɗin kuma ba ya fita gari, mai jaki ya ci, mai ciyawa ya ci, mai tuwon da ke kai musu ta ci. In an zo rabon kuɗi tsakanin rijiya da garu, ni ma rijiya zan zaɓa, na faɗa da babbar murya. Sai dai abin da garun ke nema bai kai kuɗin taro guda na otal ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu ƴan Damagaram mazauna Kano muna da ƙungiya, muna tunanin a sake gina garun gaba ɗaya da ƙofofinsa 7 kamar da. Me ka gani?
Daga wani dattijo, Kano

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, a gaida mutanenmu na can. Niyyar ta yi kyau amma ni ban goyi baya ba. Layin garun yau gidaje ne da tituna da shaguna, wa za a tasa? Kuma abin da za a gina sabo ne, ba na Tanimun ba, ga shi an ƙara wa kai kilomitocin da za a riƙa yaɓewa alhali ƴan guntayen ma sun gagare mu. Kuna Kano, kun ga Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa hanya aka tayar da wata, mota na wucewa salin-alin amma tsohuwar ta tafi ke nan.

In ƙungiyarku na son abin da za a gani, ku ɗauki guntu ɗaya ko biyu ku ce namu ne, ku yi magana da fada da meri a rubuta, ku ɗauki nauyin yaɓensa shekara 10 a jere. Inda ƙofofin suke a da kuma a kafa ɗan allo da sunan ƙofar da Hausa da ajami da Faransanci, a tambayi tsofaffin Birni tun suna nan su nuna wurin da sandarsu, don yaro irin mai tambayar farko ya san abin da yake takawa. Ku turo mutum ɗaya cikin Oktoba a yi zagayen da shi.

Wanda ya tambayi yadda ake korar gara daga azara, da malamar da ke son sanin ko ana iya yi wa ɗakin ƙasa rufin kwano ba a ɓata shi ba, na ga saƙonku, wuri ne ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.